Abin hawa marar direba: ta sama ya fara isowa Kurfai

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Yamai zuwa Filinge da ke ƙasar Kurfai, tafiyar kusan kilomita 180 ta Balleyara, ya san aikin direba ya wuce riƙe sitiyari. Idonsa na kan ramin da ruwan damina ya haƙa, da amalanken jaki mai tafiya da dare ba fitila, da garken shanun da zai yanko hanya ba sallama. Yakan ɗaga wa makiyayi hannu, makiyayi ya gane, ya tare na gaba da sanda.

Wannan fahimtar juna ce na'ura ba ta kai gare ta ba tukuna. A birnin Phoenix na Amurka, motocin Waymo na ɗaukar fasinja ba kowa a kujerar direba tun 2020. Kyamarori da na'urar hasken leza ke auna musu tazara, amma ƙashin bayansu taswira ce da aka zana titi bayan titi. A ma'adinan Pilbara na Ostareliya kuwa, manyan motocin Rio Tinto na jigilar ƙasar ƙarfe, masu lura da su na zaune a Perth, nisan kilomita 1,500. Duka biyu hanya ce da aka share wa na'ura. Hanyar yashi a yankinmu na Dallol Bosso, wadda iska ke sauya wa kamanni, ba ta cikin lissafinsu.

Mu nan ta sama abin ya zo mana, kuma da fuskar yaƙi. Faransa ta fara tada jiragen Reaper marasa matuƙi daga Yamai a 2014, Amurka ta gina sansani a Agadas har ta kwashe a 2024, Nijar kuma ta sayi jiragen Bayraktar TB2 daga Turkiyya. Shi ya sa mutumin karkarar Tillaberi in ya ji ƙugi a sama, gabansa ke faɗuwa.

Amma fasahar nan tana da wata fuska, kuma ita nake yi wa Kurfayawa fata. Tun 2016 kamfanin Zipline ke kai jini asibitocin Ruwanda, ya shiga Ghana a 2019, ya iso Kaduna a 2022. Ma'aikacin lafiya ya aika saƙo ta waya, a harba ɗan jirgi, ya saki kwali da 'yar lema a harabar asibiti, ya juya gida. A yankinmu da rashin tsaro ya sa aka taɓa hana hawa babur, mai naƙudar da jini ya ɓalle mata ko manomin da maciji ya sara a gonar hatsi ba su da lokacin jiran mota. Haka allurar dabbobi ga makiyayan shanun Azawak na wajen Tukunus.

Kafin a kai nan, sai an samu wutar rana da layin waya mai ƙarfi, an horar da 'ya'yan yankin su riƙe na'urar da hannunsu, sannan an zauna da masu gari an sanar da su ranar tashi da hanyar da jirgin zai bi.