Salula ta cuce ka, wa za ka kama?

A bakin tashar Madarunfa, ko a kan hanyar Ɗan Isa, ba ka rasa rumfar mai cajin salula. Wayoyi jere a kan tebur kamar kifin tafki da aka baza a rana, kowace da igiyarta. Ka miƙa taka, ka ba shi ƴan daloli, ya tura maka wa'azi da waƙa da fim. Kafin ka tashi sai ya ce, "Alhaji, in sa maka GB? Ya fi wancan WhatsApp ɗin. Kana ganin saƙon da aka goge, kuma ba mai sanin ka karanta nasa." Ka ce ya sa. Ba ka biya komai a kansa ba, shi ma mai rumfar bai biya ba.

To, a ce bayan sati biyu kiredinka ya fara zurarewa ba ka kira kowa ba. Ko a ce ƙanenka da ke ci-rani a Abijan ya sami saƙo da lambarka, wai kana kwance a likita, ya aiko da kuɗi ta Nita cikin gaggawa, alhali kana gona. Wa za ka kama? Mai rumfa zai ce shi ma turo masa aka yi. Mai sayar da waya a kasuwar Maradi zai ce a kwali ya saye ta. Kamfanin layi zai ce shi rezo kawai yake bayarwa. Wanda ya ƙera wayar yana Shenzhen ta ƙasar Sin, mai WhatsApp yana Kaliforniya ta Amurka. Ka zagaya ka dawo, asarar tana nan a aljihunka.

Kafin mu san wanda ya kamata a kama, sai mun san abin da ke cikin wayar. Kowace manhaja rubutaccen umarni ce da wasu mutane suka tsara wa na'ura. Wasu kamfanoni suna ɓoye nasu rubutun, kamar mai maganin gargajiya da ba ya faɗin saiwar da ya haɗa. Wasu kuma sukan shimfiɗa nasu a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya ɗauka ya yi aiki da shi kyauta. Wannan ta biyun ita ake kira manhaja mai buɗaɗɗen tushe. A shekarar 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, ya sake ta ga duniya. A kanta aka gina Android, wadda Google ya saya a 2005. Saboda haka duk mai riƙe da Tecno ko Itel ko Infinix ko Samsung mai shafawa, daga Gabi har Safo, aikin gayya ne yake riƙe da shi ko bai sani ba. Makullin da ke rufe saƙonnin WhatsApp ma daga buɗaɗɗen aikin Signal aka ɗauko shi. Alƙaluman marasa lafiya da ake tattarawa daga asibitocinmu ana aika wa ma'aikatar lafiya a Yamai, da DHIS2 ake yi, buɗaɗɗiyar manhaja ce da Jami'ar Oslo ta Norwe ke jagoranta. Ban zo in ɓata wannan aikin ba. Ba don shi ba, da waya mai shafawa ba ta sauko farashin da talaka zai iya saye ba.

Amma ka ɗauke shi kamar rijiyar gari. Mutane suka taru suka haƙa, kowa na ɗiba. Sai ga attajirai sun zo da tankoki, suna cikawa dare da rana suna sayarwa a birni. Ranar yasar rijiya kuwa, ka duba ka ga tsofaffi biyu ne a ciki da kwando. Abin da ya faru ke nan a watan Afirilun 2014, lokacin da aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da bankuna da manyan shafukan intanet suka dogara da ita wajen kare lambobin sirri. Da aka bincika sai aka tarar gudummawar da masu kula da ita ke samu a shekara ba ta wuce kimanin dalar Amurka 2,000 ba, kuma mutum ɗaya ne tak ya ɗauke ta a matsayin cikakken aikinsa. Kamfanoni masu cinikin biliyoyi sun jingina da bangon da ba su taɓa yi wa yaɓe ba. A Disambar 2021 aka sake kwatawa da wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Log4j: ƴan sa kai ne suka kwana suna toshe ramin, manyan kamfanoni na aiko musu da wasiƙun neman bayani kamar su suka ɗauke su aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na watan Maris 2024. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna XZ, aikinta matse bayanai don su rage cin wuri, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗawainiya da ita a lokacin hutunsa, har ya gaji, ya kuma faɗa a fili cewa ya gaji. Sai wani ya bayyana da sunan Jia Tan, yana taimakawa da ƙananan gyare-gyare, mai haƙuri, mai ladabi. A gefe guda wasu sunaye suka dinga matsa wa Collin lamba, wai aiki ya tsaya, ya nemi mataimaki. Aka shafe kusan shekara biyu a haka har aka damƙa wa baƙon makulli. Da ya samu sai ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa, wadda da ta bazu za ta ba shi damar shiga ɗimbin manyan kwamfutocin duniya. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura na'urarsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen buɗewa, abin ya dame shi, ya bi sawu har ya tono ta. Rabin daƙiƙa! Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɓarawon shanu ke fara zama abokin makiyayi, ya ci tuwonsa, ya san hanyar garkensa, ba zai yi mamakin wannan dabarar ba. Abin lura biyu ne a nan. Gajiyar mai tsaro ɗaya ce ta buɗe wa ɓarawo hanya. Kuma don rubutun a fili yake shi ya sa aka kama shi. Da a rufe yake, da Freund bai sami abin karantawa ba.

Masu rubuta irin wannan manhaja sukan liƙa mata sharaɗi: an ba ka ita yadda take, ba lamuni, in ta yi ɓarna ba ruwanmu. Ga wanda ya yi aikin sa kai, wannan adalci ne. Ba a kai wanda ya haƙa rijiyar sadaka ƙara don guga ya tsinke. Inda gizo ke saƙar shi ne kamfanin da ya ɗebi wannan aikin ya zuba a waya ya sayar maka, shi ma kusan irin wannan sharaɗin yake rubutawa, cikin dogon bayani da Faransanci ko Turanci, kai kuma ka danna "na yarda" don wayar ta buɗe. Wanda ya karɓi kuɗinka bai kamata ya laɓe a bayan wanda bai karɓa ba.

Ga misali daga irin wayoyin da suka cika kasuwanninmu. A watan Agustan 2020 wani kamfanin tsaron waya mai suna Upstream ya bayyana cewa ya sami wata muguwar manhaja, Triada, a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 da aka sayar a Habasha da Masar da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu. Masu wayoyin ba su saukar da komai ba, da cutar suka sayo su a kwali. Aikinta shi ne ta yi wa mutum rajistar ayyukan biya a ɓoye, ta cinye kiredi da mega, kuma abin da take jawowa cikin wayar ko an wanke ta tas yakan dawo. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce laifin wani ne daga cikin masu kawo masa kayan haɗi, ya kuma ce ya fitar da gyara. Sai dai gyaran yana isa ne ga wanda ke da mega da rezo da kuma labarin cewa akwai gyaran.

Shi kuwa GB da ƴan'uwansa, kada a ruɗe ka, ba buɗaɗɗiyar manhaja ba ne. WhatsApp na asali aka ɗauka aka farke, wani da ba a san fuskarsa ba ya cusa abin da ya ga dama, ya ɗinke. Ba mai iya duba cikinsa, ba mai amsa sunansa in an kira. A 2021 kamfanin Kaspersky ya sami wannan Triada ɗin dai a cikin wani samfurin FMWhatsApp, ɗan'uwan GB, tana iya karanta saƙonnin da ke shigowa wayar, har da lambobin tabbatarwa. Ga shi kuma WhatsApp kan rufe layin da ya kama yana amfani da na jabu. Ka sayar da sirrin gidanka don ka ga saƙon da abokinka ya goge. Wannan ciniki bai yi riba ba.

Rufaffiyar manhajar manyan kamfanoni ma ba tsira ba ce. A 2019 aka yi amfani da wata ɓaraka a kiran WhatsApp aka dasa wa mutane kusan 1,400 manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ko ba su ɗaga kiran ba. Kamfanin WhatsApp ya kai masu Pegasus kotu a Amurka ya yi nasara, domin yana da lauyoyi da kuɗin shari'ar shekaru.

Akwai inda aka fara ja wa kamfanonin linzami. Maƙwabciyarmu Nijeriya, a watan Yulin 2024, ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dalar Amurka miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan ƴan ƙasar da tauye musu zaɓi. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotu ta tabbatar da tarar a Afirilun 2025, shi kuma ya yi barazanar rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Tarayyar Turai ta kafa doka a ƙarshen 2024 wadda za ta fara aiki gaba ɗaya a Disambar 2027: duk mai sayar da na'ura mai manhaja dole ya ci gaba da toshe ɓarakarta na tsawon shekaru, galibi aƙalla biyar, amma ɗan sa kai da ba ya ciniki da aikinsa an ɗauke masa. A ganina sun raba daidai.

Mu ma a Nijar ba a rasa doka ba. Akwai ta kare bayanan mutum tun 2017, aka sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa tsaronta. Akwai ARCEP mai sa ido kan kamfanonin sadarwa. Akwai dokar laifukan intanet ta 2019, wadda a watan Yunin 2024 aka maido mata da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya tayar da hankalin jama'a. Sai dai a lura: hannun doka ya fi saurin kai wa ga saurayin da ya tura saƙo daga fada a Jiratawa fiye da kamfanin da ke ƙetaren teku. In an ƙwace maka layi aka yaɗa ƙarya da sunanka, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Don haka kafin a gyara na sama, ka tsare na hannunka. Manhaja daga Play Store za ka ɗauko ta. Ba a ce can babu gurɓatacciya ba, amma akwai mai dubawa, ba kamar wadda ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender ba. In waya ta nemi sabuntawa, abin da masu gyara ke kira mizajur, kada ka yi ta ɗagawa don tsimin mega, sau da yawa toshe rami ne. Lambobi shida da WhatsApp ke aikowa ta saƙo, ko wanda ya nema ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko ya zo da sunan limamin unguwarku, kada ka karanta masa. Da su ake ɗauke layi. Ka kulle waya kafin ka bar ta wurin caji, musamman in akwai asusun kuɗi a ciki. Duk saƙon neman kuɗi kuwa, ko daga wa ya fito, ka kira ka ji murya tukuna, ka tambayi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. In kiredi na ɓacewa, je ofishin kamfanin layin ka ce a duba maka rajistar da aka yi da lambarka a soke ta, kada ka tsaya ga "haka Allah ya so". In an damfare ka, kai maganar jandarmari ko kwamisariya da saƙonnin a hannu, kada ka goge su don kunya.

Ku kuma masu rumfunan caji da gyara, jama'a sun ba ku amana fiye da yadda kuke zato. Tsohuwar da ta miƙo muku wayarta ba ta san GB ba, ku ta sani. Abin da ba za ka sa a wayar mahaifiyarka ba, kada ka sa a ta wani. Hukumominmu na Yamai kuwa, roƙonmu shi ne su tambayi masu shigo da wayoyi shekara nawa za a ci gaba da gyara abin da suke sayar mana, su kuma yi wa jama'a bayanin inda ake kai kuka da Hausa, a gidajen rediyon da manomi ke saurare.

Mai karatu, yau kafin ka kwanta, buɗe saitin WhatsApp ɗinka, shiga wurin asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lambobi shida da ba ranar haihuwarka ba. In ba ka iya ba, ɗanka ko ƙanwarka su nuna maka wurin, amma lambar kai za ka danna da hannunka.