Gada da Kifi a Gulbin Sakkwato: Wa Zai Jira Wani?

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara da ke haɗa Ruwan Gizo, Ruwan Bore, Morai da Jangebe da garin Talata Mafara ya san watan Agusta shi ne alƙalin kowace kwalbati. Idan marka ta zauna, rafin da yara ke wasa cikin yashinsa da rani sai ya cika ya batse, ya ci gefen hanya, wani sa'in ya yi awon gaba da mashigin ɗungurungum. Mai buhun gero ya rasa kasuwar Talata, mai naƙuda kuma a yi ta zagaye da ita a kan babur ana neman inda ruwa bai kai ƙirji ba. A irin wannan hali, wanda ya ce a tuna da kifi kafin a zuba siminti, za a ce bai san zafin abin ba.

Sai dai ruwan nan da ke yanke wa mutane hanya, shi ne hanyar kifi. A waɗannan makonni ne tarwaɗa da 'yan uwanta ke barin gulbi su haura rafuka da fadamu don yin ƙwai. Abubuwa biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙasar Mafara, Bakura da Maradun: yawan gyaran gaggawa na mashigan ruwa, da ƙarancin wasu kifayen da masunta suka sani a da. Idan aka bi diddigi, za a tarar yawancin abin da ke halaka kifi a wurin aikin gada shi ne kuma ke rage wa gadar kwana.

Tushen al'amarin

Ba a maganar ruwan wannan yanki a tsallake Bakolori. An kammala madatsar a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, aikin kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkinta ya mamaye kadada kusan 8,000, yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, wato awon tsawo da faɗi da zurfi. Mutanen yankin sun biya farashinta da gonaki, har da rayuka, domin a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar filayensu, aka kashe mutane da dama.

Akwai wata asarar da ba a cika ambata ba. Binciken da William Adams, masani ɗan Ingila, ya wallafa a 1985 ya nuna madatsar ta rage tsawo da faɗi da daɗewar ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da ita. Manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, su kuma masunta kamunsu ya ragu. Dalilin a bayyane yake ga duk Basarke. Yauni da bargi a cikin ciyawar da ruwa ya shanye suke gina sheƙarsu. Tarwaɗa da ramboshi sai ruwa ya malala fadama suke zuba ƙwai. Giwan ruwa na son gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa. Idan ambaliya ta gajarta, lokacin haihuwa ya gajarta ke nan. Abin da ya rage wa kifi shi ne ƙananan rafuka da tafkuna irin Natu na ƙasar Bakura, da 'yan hanyoyin da ke haɗa su da gulbi. A kan waɗannan rafukan ne kuma hanyoyin ƙauye ke ƙetarawa. Shi ya sa kwalbati guda, wadda da can ba za ta yi wani tasiri ba, yau take iya zama ƙofa a rufe.

Abin da doka ta tanada

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana su da guba, da abin fashewa, da lantarki. Ta hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, sai a wasu keɓantattun kifaye ƙanana. Ta ba kwamishinan jiha ikon rufe wani wuri ko wani lokaci daga su. Abin da ya fi shafar wannan nazari kuwa, ta ce duk wanda aka ba izinin gina madatsa ko wani shinge a ruwa, sai ya bar wa kifi hanyar wucewa. A wannan shekarar ce kuma aka kafa doka mai lamba 86, wadda ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su.

Giɓin yana wurare biyu. Na farko, dokar 1985 ta kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta fi mayar da hankali ga farauta da fataucin namun daji, don haka yauni ko bargi na rafin ƙauye ba su da wata kariya ta musamman da sunansu. Na biyu, awon illa ga muhalli ya fi aiki a manyan ayyuka, musamman masu kuɗin waje, irin gyaran tsarin ban ruwa na Bakolori da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Kwalbatin ƙauye ta yi ƙanƙanta a ce za a tsaya wannan awo a kanta. Amma irinta sun fi yawa, kuma su ne a kan hanyar kifi.

Me ke jawo aikin da ke cutarwa?

Na farko kuɗi. Gada mai ƙafafu da faɗin baki tana da tsada, zoben siminti biyu da ƙasa a kai kuwa da araha. Idan kason da aka ware bai taka kara ya karya ba, zoben za a saka, ko da rafin ya fi ƙarfinsa.

Na biyu lokaci. Mashigi da damina yake karyewa, da damina kuma ake kuka, saboda haka da damina ake zuwa gyara. A tare rafi da ƙasa, a karkatar da ruwa, a zuba kankare, duk a tsakiyar lokacin ƙwai. Ruwan ɗanyen siminti yana da kaifin da ke ƙona kifi, laka kuma tana binne ƙwai.

Na uku yashi. Mafi sauƙin wurin da tifa za ta ɗebi yashi shi ne gindin gada, tunda nan hanya ta haɗu da rafi. Ramin da aka bari shi ruwa ke bi ya yi ta cin ƙarƙashin ginin har ya zauna.

Na huɗu rabon nauyi. Yankin bai rasa manya ba, domin Ahmed Sani Yarima na Bakura, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara da Bello Matawalle na Maradun duk sun mulki Zamfara. Amma mashigin ƙauye aiki ne da ke faɗawa tsakanin hukumomi. Titin Gusau zuwa Sakkwato na tarayya ne, madatsa da magudanan ban ruwa na hukumar koguna ne, hanyar karkara ta jiha ce da ƙaramar hukuma, kifi kuma na wani sashe ne dabam da ba a saba tuntuɓarsa kan aikin hanya ba.

Na biyar tsaro. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya yi ƙamari, har aka kwashe ɗalibai mata a Jangebe a watan Fabrairun 2021, injiniya da jami'in kula da kifi duk sun rage shiga ƙauye. Aikin da babu mai dubawa, yadda aka ga dama ake yin sa.

Abin da ke biyo baya

Ƙaramar kwalbati tana matse ruwa, ya fito da ƙarfin da ƙaramin kifi ba ya iya haurawa. Wannan ƙarfin yana haƙa rami a bakin fita, sai bakin ya koma a rataye sama da ruwa, kifi ya zo ya tsaya. Inda kifi ya taru kuwa, nan mai homa ke zuwa, ya kwashe iyaye da cikinsu cike da ƙwai. Ta ɓangaren sama, itace da ciyawa suna toshe bakin, ruwa ya hau kan hanya ya wanke ta. Baɗi a sake gyara, a sake kashe kuɗi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Asarar kifi kan dawo cikin tukunya. Gidan da ba ya iya sayen nama, busasshen kifi ne ke gyara masa miya. Idan kamu ya ragu, masunci yakan koma ga raga mai ƙaramin ido, wani ma ga magimfa ko maganin ƙwari, abin ya ƙara lalacewa. Ta ɗaya gefen, jinkirta gyara shi ma yana da nasa farashi: tumatir da albasar Bakolori su ruɓe kafin su kai kasuwa, mara lafiya ya makara, ƙauyen da hanyarsa ta yanke kuma jami'an tsaro ba sa isa gare shi da wuri. Duk dokar da za ta ce a bar mutane a yanke saboda kifi, ba za ta samu mai bin ta ba, kuma bai kamata ta samu ba.

Darasi daga nesa da kusa

A Amurka an taɓa kai ruwa rana kan irin wannan. A 1978 Kotun Ƙolin ƙasar ta tsayar da madatsar Tellico ta jihar Tenesi saboda wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba. Shekara guda bayan nan majalisa ta keɓe madatsar daga dokar, aka ƙarasa ta. Hanin da ya zo bayan an kusa gama aiki, rigima kawai ya haifar. Shari'ar jihar Washintan ta fi kusa da halinmu. Ƙabilun asali na yankin sun kai ƙara cewa kwalbatocin gwamnati sun toshe wa kifin salmon hanya. A 2013 kotu ta umarci jihar ta gyara su, hukuncin ya tabbata a 2018, aikin kuma yana cin biliyoyin daloli. Ba a hana gina hanya ba, tsarin mashigin aka ce a sauya, kuma gyara daga baya ya fi yi daidai tun farko tsada nesa ba kusa ba.

Darasi mafi amfani yana ƙasan wannan ruwa namu. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake daga su har sai lokacin bikin kamun kifi ya zo, Sarkin Ruwa ke tsare wannan ƙa'ida, jama'a kuma na bi. Bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, manyan giwayen ruwansa sakamakon wannan haƙurin ne. Ware wa kifi lokaci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Inda ma'auni ya tsaya

Idan hanya ta yanke da damina, a buɗe ta nan take da mashigin wucin gadi wanda bai toshe rafi ba. Babban aikin siminti a bar shi sai tsakanin Disamba da Mayu, lokacin da yawancin rafukan nan yashi ne zalla, aiki ya fi sauƙi, kankare ya fi samun kulawa. Bakin mashigi ya yi faɗin rafin, a nutsar da gindinsa ƙasa da yashi domin ruwa ya wuce kamar babu gini. A hana ɗibar yashi kusa da gada, hakimi da dagaci su tsaya a kai. Kafin a zana aiki, injiniya ya zauna da Sarkin Ruwa da dattawan masunta, domin su suka san rafin da kifi ke haurawa da wanda ba ya bi, su suka san inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar ambaliya mafi girma. Jiha kuma ta yi amfani da ikon da dokar 1992 ta ba ta, ta hana su a bakin mashigai a watannin ƙwai.

Wannan zai ƙara kuɗin aikin farko, babu musu. Amma kwalbatin da tarwaɗa ta kasa haurawa a watan Yuli, sau da yawa ita ce wadda ruwa zai ɗauke a watan Agusta. Jami'in da ke son sanin mashigin da zai karye baɗi tsakanin Ruwan Gizo da Mafara, ya tambayi masunta inda kifi ke taruwa ya kasa wucewa bana.