Domin A Ji Maganar Sarai

Da yawa cikinmu muna ɗaukar wa'azi a kwamfuta domin tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ba su iya zuwa sujada. In muryar ba ta fita sarai ba, sun rasa abincin ruhu na wannan mako. Ga abin da muka koya wajen aiki da Audacity.

Idan kwamfuta ba ta ji makirufo ba, mu rufe Audacity, mu jona makirufon tukuna, sa'an nan mu sāke buɗewa, mu zaɓi sunansa.

Idan murya tana fashewa, ƙarfin ɗauka ne ya yi yawa. Mu rage shi, kada ma'auni ya wuce -6. Muryar da ta riga ta fashe da wuya ta gyaru.

Idan akwai gurnani a ƙarƙashin magana, sau da yawa daga wutar lantarki ne. Mu zare caja, mu ɗauka da batir, mu kuma nisanci janareta.

Idan ɗaki yana amsa kuwwa, mu rataya barguna a bango, mai wa'azi kuma ya matso kamar taƙi ɗaya daga makirufo.

Bayan gyara, mu fitar da aikin a MP3, gama ajiyar Audacity ba ta buɗuwa a waya.

Fiye da kome, mu gwada minti 1, mu saurara, kafin fasto ya soma. Ubangiji ya albarkaci hidimarmu. Amin.