Motar da ke iyo da Motor King namu: abin da mai niyyar saye ya kamata ya sani

 

Da yawa cikinmu mun ga bidiyon nan a waya, na wata 'yar mota mai taya shida da ke ratsa taɓo, ta faɗa tafki ta yi iyo kamar agwagwa, ta fito ta ci gaba da tafiyarta. Mu kuma nan Tamale abin da muke da shi Motor King ne, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, wanda mutanen kudu ke ce wa aboboyaa. Samarin Moshi Zongo da dama burinsu ke nan su samu guda in sun gama makaranta. To kafin nan, bari mu san me ya sa waccan ke iyo, me ya sa namu ba ya yi, da kuma yadda ake fara riƙon irin wannan dukiya.

Asalin mai taya shida

Tun a yaƙin duniya na biyu, a 1942, Amurka ta ƙera wata babbar mota mai taya shida ana ce mata DUKW, don sauke sojoji da kaya daga jirgin ruwa zuwa tudu. Ƙananan da muke gani yanzu daga baya suka zo. Wadda ta fi suna ita ce Argo, wadda aka fara ƙerawa a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada a 1967. Mafarauta da masu aikin daji da 'yan ceto su suka fi amfani da ita.

Sirrinta a jikinta yake. Gindinta kamar baho ne na roba mai ƙarfi, a toshe, kuma inji yana zaune a cikin bahon. Tayoyinta masu faɗi ne, iskarsu kaɗan, shi ya sa ba sa nutsewa a laka, kuma zanen tayar shi ke tura ruwa kamar filafili. Ba ta juya ƙafar gaba kamar sauran motoci: in direba zai yi dama, sai ya danne birkin tayoyin dama, na hagu su ci gaba da juyawa. Duk da haka, a ruwa gudunta bai wuce saurin mai tafiya da ƙafa ba, kuma don ruwa mai kwanciya aka yi ta. Mai ita kullum yana cikin shafa wa kaca mai, da cusa giris inda sandunan tayoyi suka ratsa jikinta, da duba matosan gindinta kafin ya shiga ruwa. Ya manta matoshi ɗaya, to baho ya cika.

Namu ba ya iyo

Motor King injin babur ne aka haɗa masa akwala a baya, komai nasa a buɗe yake. Inji iska yake shaƙa ya gauraya da fetur, fistin ya matse su, fulogi ya ba da wuta. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Saboda haka in ruwa ya bi ta matatar iska ya shiga, fistin zai buga da shi kamar ya buga da dutse, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Birkin baya kuma in ya jiƙe ba ya kamawa sosai.

Ga kuma ƙarfin ruwan kansa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota. Ina ga babur mai ƙafa uku? Damina tamu ta fi ƙarfi a watan Agusta da Satumba, kuma a daidai lokacin ne ake yawan buɗe madatsar Bagre da ke Burkina Faso, ƙasar da kakannin da yawa daga cikin 'yan unguwarmu suka fito. Ruwan yana bin kogin Farar Bolta ya zo ya mamaye gonaki da hanyoyi a wurare irin su Nawuni, ta wajen Kumbungu. Manyanmu ba su manta da ambaliyar 2007 ba. In hukumar NADMO ta yi shela, a ji. Ku dubi mutanen Daboya: sun daɗe da kogin nan, kuma a kwalekwale suke ɗora babur su ƙetare da shi.

Kafin ka saya

Na farko, shekaru. Doka ba ta ba da lasisi sai ga wanda ya cika 18, kuma a ofishin DVLA ake yin lasisin da rajistar lamba. Inshora ma dole ce. Yaron da ya tsere daga darasi ya hau babur ba takarda, in ya buge wani, iyayensa ne za su sha wahalar 'yan sanda da asibiti.

Na biyu, ka san aikin da za ka yi da shi tukuna. Ɗaukar buhunan masara da doya a kasuwar Aboabo ne, ko jan ruwa da rani, ko bulo da yashi? Kowanne da irin cin da yake yi wa inji.

Na uku, kuɗin. Wasu susu suke yi har su tara. Wasu kuma su karɓa a hannun masta, suna aiki suna biya duk mako har babur ya zama nasu. In wannan za ka yi, a rubuta komai gaban shaidu, kamar yadda aka karantar da mu a babin bashi: jimillar sidi nawa ne, wa ke da gyara, me za a yi in ka kwanta ciwo mako biyu. In akwai abin da ya yi kama da riba a ciki, a tambayi malam kafin a sa hannu.

Na huɗu, in na hannu ne, ka je da fita wanda ka yarda da shi. A tada injin da safe yana sanyi. A duba hayaƙin salansa, in shuɗi ne yana cin mai. A zaro ma'aunin baƙin mai, in ya yi fari-fari kamar koko ruwa ya shiga. A leƙa ƙarƙashin akwala ko an yi walda a shasi. Lambar shasi da ta inji su zo daidai da takarda, in ba su zo ba, ka bar shi ko da araha ne, wataƙila na sata ne.

Riƙon yau da kullum

Kowace safiya kafin ka fita: baƙin mai, iskar taya, birki, fitila, notocin ƙafa, da ruwan lagireto in naka mai ruwa ne. Ka canza baƙin mai a kan lokacin da littafin babur ɗin ya faɗa, kada ka jira sai inji ya fara ƙara. Man da ke cikin tukunyar ƙafafun baya ma ana canza shi, kuma shi aka fi mantawa. Da hunturu ƙurar Tamale ba ta da wasa, don haka a riƙa wanke matatar iska akai-akai. Da damina kuma a wanke laka a sa giris.

Lodi fiye da kima shi ke karya sifirin, ya ƙone kuloci, ya kifar da babur a kwana. Kwaɗayin buhu biyu ya jawo asarar mako guda. Kuma duk ranar da ka yi ciniki, ka ware wani abu na gyara a gefe, domin taya da batir ba sa sallama kafin su mutu.

In kuwa tsautsayi ya sa ya mutu maka a cikin ruwa, kada ka sake tada shi. Ka fara tsira da ranka. In an turo shi tudu, a kwance fulogi, a juya injin ruwan ya fita, a busar da matatar iska, a zubar da man a sa sabo. Wanda kuma ya ratsa ruwa kaɗan lafiya, ya riƙa taka birki a hankali yana tafiya har ya bushe.

'Yan'uwa, babur amana ne, kayan mutane da ke kai amana ne, ran mai tafiya a gefen titi ya fi su duka. A sa hular kwano, a tsaya in an kira salla, kuma a gama karatu tukuna, babur ba zai ƙare a kasuwa ba. Allah ya ba mu sana'a ta halal, ya tsare mu a tudu da ruwa, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri. Amin.