Tsarin Gari: Kowane Abu Da Wurinsa

Jama'a, mu duba gidajenmu. Ba mu haƙa masai kusa da rijiya. Ba mu kafa murhu a gindin rumbu. Turken dabbobi da wurinsa, madafa da wurinta. To, yadda maigida ke tsara gidansa, haka hukuma ke tsara gari. Ta ce nan gidaje, can kasuwa, nan hanya, can makaranta. Wannan shi ake kira tsarin gari.

Abin nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin da, a birnin Kano, marina suna Ƙofar Mata, 'yan kasuwa suna Kurmi, maƙera kuma da unguwarsu. Da gari ya ƙara girma, sai aka keɓe wa masana'antu wurarensu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, domin kada hayaƙi da ƙara su dami mutane a gidajensu.

Ina Ruwanmu?

Wani zai ce, ina ruwan mutumin ƙauye da tsarin birni? Ai da ruwansa. Birni tafiya yake yi, yana cin gonaki. Wurare da yawa a Kumbotso da Ungogo da gonaki ne, yau sun zama unguwanni. Wata rana mu ma za a zo taya gonarmu. Ko kuwa ɗanmu ya tara kuɗi ya nemi fuloti a bakin gari. Lalle ne mu san doka tun ranar ba ta zo ba.

Abin Da Doka Ta Ce

A shekarar 1978 aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a Nijeriya. Ta ce ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Filin da ke cikin birni, gwamna ke ba da takardar mallakarsa. Na karkara kuwa, ƙaramar hukuma tana iya bayarwa.

Akwai kuma hukumar tsara birane. Ta Kano ana ce da ita KNUPDA, ta Kaduna KASUPDA. Ma'aikatanta suna da taswira, watau zanen gari a takarda. A cikin taswirar an nuna abin da aka tanadi kowane wuri dominsa.

Mu lura, takardu biyu ne. Ta farko ta nuna filin na wane ne. Ta biyu ita ce izinin gini, ta nuna abin da aka yarda a gina a kansa. Mai ta farko bai tsira ba sai ya sami ta biyu. Ga misali, idan an keɓe unguwa domin gidaje, ba dama mutum ya kafa gidan mai a tsakiyarta don kawai filin nasa ne.

Inda Ba A Gini

Ba a gini a kan hanyar ruwa. Ba a gini ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ba a cin titi, ko filin makaranta, ko maƙabarta. Haka kuma cike kududdufi a yi gida a kansa haɗari ne, gama ruwa ba ya mance hanyarsa.

Mun ga abin da ya faru. A damunar 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari a Kano, ya ɓata kaya masu yawa. Mutane da dama sun ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe hanyoyin ruwa. A 2023 kuma gwamnatin Kano ta rushe shaguna a Filin Idi, ta ce filin na jama'a ne. Masu shagunan suka kai ƙara, kotu ta ce a biya su diyya. Ashe doka tana kan talaka, tana kuma kan hukuma.

Kafin Mu Biya Kuɗi

Na ɗaya, mu tambaya ko filin awon gwamnati ne ko awon igiya. Awon igiya shi ne wanda mai gona da dillali suka yanka da kansu. Ya fi araha, amma sau da yawa ba a barin isasshiyar hanya ko lambatu.

Na biyu, mu je wurin mai unguwa ko dagaci, mu ji asalin filin. Na gado ne? Magada duka sun yarda?

Na uku, mu je ofishin ƙasa da na tsara birane da ƙafarmu. Mu ce a nuna mana wurin a taswira, a faɗa mana abin da aka tanade shi dominsa. Matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, kowane kuɗi muka biya, mu karɓi rasit. Kada mu dangwala yatsa a takardar da ba mu karanta ba. Ga amfanin zuwa aji ke nan.

Na biyar, kada mu aza tubali sai izinin gini ya fito. Idan ma'aikata suka shafa jan fenti a bangonmu, mu tsai da aiki, mu tafi ofis da takardunmu.

Mu Ma Muna Da Baki

Gwamna yana iya karɓe fili domin aikin jama'a, kamar hanya ko asibiti. Amma doka ta ce a biya diyyar gini da amfanin gona da ke kai. Saboda haka ran da aka zo ƙidayar kaya mu tsaya a wurin, mu rubuta ɗakunanmu da itatuwanmu, mu ajiye takardar.

Idan kuwa muka ga ana yanka filin makarantarmu, ko ana toshe hanyar ruwa, kada mu yi shiru, kada kuma mu ɗauki sanda. Mu taru mu rubuta takarda, mu sa hannu. Mu kai ɗaya wurin hakimi, ɗaya wurin kansila, ɗaya ofishin tsara birane, mu riƙe ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Waɗanne takardu biyu ne mai gini yake bukata?
2. Faɗi wurare uku da ba a gini.
3. Ina hanyar ruwa take a garinmu? Akwai wanda ya gina a kanta?