Ido, Launi Da Zanen Alƙaluma: Abin Da Ya Kamata Mai Karatu Ya Sani

Zanen alƙaluma shi ne mayar da lissafi surar da ido zai iya gani: sanduna masu bambancin tsawo, ko layi mai hawa da sauka, ko da'irar da aka yayyanka, ko taswirar da aka shafa wa launuka. Da shi ake nuna tashin farashin abinci da yaɗuwar annoba da sakamakon zaɓe, a jaridu da talabijin da Facebook da WhatsApp. Wani mutumin Sikotland, William Playfair, shi ya fara buga zanen sanduna a 1786, ya kuma fito da na da'ira a 1801. Amfanin zane shi ne mutum ya gane abin da shafi guda na lambobi ke faɗa cikin ƙiftawa da bisimilla. Haɗarinsa ma daga nan yake, domin ido kan yanke hukunci tun hankali bai tantance ba.

Yadda ido ke gani

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani da haske ke sauka a kansa, yana ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu. Na farko, waɗanda suka kai kimanin miliyan 100, su ke aiki idan haske ya yi ƙaranci, kuma ba ruwansu da launi. Na biyu, miliyan 5 zuwa 6, su ne masu ganin launi, sun kuma kasu uku: masu karkata ga ja, da masu karkata ga kore, da masu karkata ga shuɗi. Ƙwaƙwalwa ce ke gwama saƙon ukun ta fitar da launin da mutum ya gani. Masu shuɗi su ne mafiya ƙaranci, ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba, shi ya sa siririn rubutu shuɗi a kan baƙi ke wahalar karantuwa.

Wurin da ido ke gani tar-tar ɗan ƙarami ne, bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan an miƙe hannu. Don haka ido ba ya ɗaukar zane gaba ɗaya, yawo yake yi a kansa. Idan aka cika zane da launuka goma sha, aka ajiye bayaninsu can a gefe, mai kallo zai yi ta kaiwa da komowa har ya rikice. Ƙwararru sun fi son launuka kaɗan, a kuma rubuta sunan kowane layi dab da shi.

Akwai kuma abin da ido ke cafkewa ba tare da ya nema ba. Jan ɗigo guda a cikin ɗigogi ɗari masu ruwan toka nan take yake bayyana. Masaniyar halayyar ɗan Adam Anne Treisman ta yi bayanin wannan a 1980. Tun kafin nan, a 1858, ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta yi aiki da shi a zanenta na mace-macen sojojin Birtaniya a yaƙin Kirimiya: ja ga waɗanda rauni ya kashe, shuɗi ga waɗanda cututtukan da ake iya kaucewa suka kashe, baƙi ga sauran dalilai. Shuɗin ya mamaye zanen, duk wanda ya kalla ya ga cewa ƙazantar asibiti da sansani ta fi harsashi kisa.

Abin da ido ya iya aunawa

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Sai dai sanin ƙimar hawa-hawa ne. A 1984 wasu masana a Amurka, William Cleveland da Robert McGill, sun gwada mutane da zane iri-iri. Sun jera cewa ido ya fi daidaito wajen kwatanta abubuwan da suka tashi daga layi ɗaya, sai tsawo da kusurwa, sai faɗin fili, hasken launi da kaurinsa kuwa su ne na ƙarshe. Shi ya sa zanen sanduna ya fi na da'ira bayyana gaskiya. Yanki mai kashi 23 da mai kashi 27 a cikin da'ira kusan ɗaya suke a ido, amma sanduna biyu a jere suna nuna bambancin sarai.

Ta wannan kafa ake yawan yaudarar mai kallo. Idan farashin kaya ya tashi daga naira 100 zuwa 110, aka zana sandunan daga sifili, ƙarin ɗan kaɗan zai fito. Idan kuwa aka faro ma'aunin daga 90, sanda ta biyu za ta ninka ta farko a tsawo, mai kallo ya ɗauka farashi ya ninka. Haka nan idan aka ninka faɗin da'ira don nuna adadi ya ninka, filinta ya ruɓanya sau 4 ke nan, ba sau 2 ba.

Launi da maƙwabcinsa

Ido ba ya ganin launi shi kaɗai, yana auna shi ne da abin da ke kewaye da shi. Masanin sinadarai Michel Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Faris, ya sha ƙorafin cewa baƙin zarensu ba shi da kauri. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa ƙalau, launukan da aka saƙa kusa da shi ne ke sauya shi a ido. Ya wallafa bincikensa a 1839. A taswira ma haka ne: ruwan toka ɗaya zai yi haske a tsakanin jihohi masu duhu, ya yi duhu a tsakanin masu haske.

Tsarin launi mai kyau iri uku ne. Idan adadi ne daga kaɗan zuwa mai yawa, kamar yawan ruwan sama, launi ɗaya ake ɗauka daga mai haske zuwa mai duhu. Idan akwai tsakiya, kamar riba da asara, launuka biyu ake sa wa su haɗu a fari. Idan rukunoni ne da babu wanda ya fi wani, kamar jam'iyyu, kowane da launinsa daban. Masaniyar taswira Cynthia Brewer ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta tattara irin waɗannan a manhajar ColorBrewer, wadda masu zane ke amfani da ita kyauta a intanet.

Launukan bakan gizo suna da kyan gani, amma ba su da jeri a ido. Babu mai iya cewa kore ya fi rawaya yawa ko ya gaza shi sai ya duba bayani. Rawayar da ke tsakiya ta fi kowa haske, sai ta ja ido zuwa inda babu wani abin lura, ta kuma ƙirƙiri iyaka inda babu ita. A wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard a 2011 kan hotunan jijiyoyin zuciya, waɗanda aka gwada sun fi gano wuraren cuta da aka cire launukan bakan gizo. Manhajar MATLAB ta sauke su daga matsayin zaɓin farko a 2014, Matplotlib kuma a 2017.

Waɗanda ba sa bambanta launi

Ba kowa ke ganin launi iri ɗaya ba. A tsakanin Turawan arewacin Turai, namiji 1 cikin 12 da mace 1 cikin 200 ba sa bambanta ja da kore sosai. Adadin bai kai haka ba a Afirka, amma akwai su a kowace al'umma. Gado ne da ɗa namiji ke samu ta wajen uwa, da yawa kuma ba su san suna da shi ba sai an yi musu gwajin ɗigogi masu launi da likitan Japan Shinobu Ishihara ya fitar a 1917. Zanen da ya dogara ga ja da kore kaɗai ya bar waɗannan mutane a duhu. Shuɗi da ruwan goro sun fi aminci.

Tef ɗin auna damtsen yaro da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi wajen gano tamowa misali ne mai kyau. Ga yara masu wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. Launin yana faɗakar da uwa ko da ba ta yi karatu ba, amma ga lambobi a jikin tef ɗin, don haka wanda bai ga launin ba zai karanta adadin.

Taswira da yawan jama'a

Taswira fili take nunawa, ba mutane ba. Jihar Neja ta ninka Legas fiye da sau 20 a girman ƙasa, amma a ƙidayar 2006 mutanen Neja ba su kai miliyan 4 ba, na Legas kuwa sun haura miliyan 9. A taswirar zaɓe, launin wanda ya ci Neja zai cika ido, na wanda ya ci Legas ya zama ɗan ɗigo. Kuma jihar da aka ci da ƙuri'a kaɗan launi ɗaya ake shafa mata da wadda aka ci da gagarumin rinjaye.

Saboda haka, kafin a gaskata zane ko a tura shi ga wani, a karanta takensa, a duba ko sandunan daga sifili suka tashi, a nemi bayanin kowane launi, a ga shekarar da aka tattara alƙaluman da hukumar da ta fitar da su. Zanen da ba shi da lambobi, ba shi da kwanan wata, ba a kuma san wanda ya yi shi ba, bai cancanci a yaɗa shi ba.