Yadda Ake Koya wa Doki Tsayuwa Cikin Natsuwa

Ranar rantsar da shugaban ƙasa, dandalin Eagle Square da ke Abuja ba ya jin kira. Badujala na tashi, kwamandan fareti na daka tsawa, ga bindigar ban girma da ake harbawa sau 21. Duk da haka sai ka ga dawakin jami'an tsaro a jere, ba tutsu ba turjiya. 'Yan kallo mahayi suke yaba wa, amma masu barga sun san watanni aka kwashe ana koya wa dabbar wannan tsayuwa.

Abin yana da wuya ne saboda halittar dokin. A daji namun dawa ne ke farautarsa, kuma babban makaminsa gudu. Idanunsa suna gefen kai, shi ya sa yake ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, in ban da dab da goshinsa da bayan wutsiyarsa. Leda ce ta tashi ko babur ya gifta, ƙafa yake fara ɗagawa kafin ya tantance. Ga shi da son 'yan'uwa: in sauran dawaki suka wuce suka bar shi, hankalinsa ya bi su.

A ƙasar Hausa an gwanance wajen tsayar da doki. A hawan Sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a watan Disamban 2024, mahaya kan sako dawaki a sukwane su ja linzami gaban sarki, dokin ya yi zamiya, su jinjina, abin da ake kira jahi. Sai dai tsayarwa daban, natsuwa daban. Linzami mai tsanani yana iya tsayar da ingarma nan take, amma a duba shi bayan jahi: yana taunar ƙarfe, baki na kumfa, ƙafa na tonon ƙasa. Dokin da sarki ke kai kuwa dole ya jure laima a bisa kansa, da kakaki, da harbin 'yan bindiga, da jama'ar da ke kawo gaisuwa. Irin wannan ba ƙarfin damtse ke samar da shi ba.

Daga ƙasa ake fara horon, da ragama, a wurin da ba hayaniya. Mai horo zai ja dokin su ɗan taka, sannan ya tsaya ya ɗan riƙe igiyar. Da zarar dokin ya tsaya, sai ya sassauta. Wannan sassaucin shi ne ladan, kuma shi ne ke koyar da dokin, don ya gane cewa tsayuwa ce ta kawo masa sauƙi. Mahayin da ya ci gaba da ɗaure linzami bayan dokinsa ya tsaya, koya masa yake yi cewa biyayya ba ta da amfani.

Da farko daƙiƙa uku ko huɗu sun isa. Dabarar ita ce mutum ya riga dokin yanke shawara, ya sa shi tafiya tun bai gaji da tsayuwar ba. Gobe a ƙara kaɗan, jibi a ƙara. Kalma ɗaya ake maimaitawa kullum, da murya ƙasa-ƙasa. In ya gusa, a mayar da shi inda yake ba tare da bulala ba. Wasu masu horo, in doki ya ƙi tsayuwa, sukan sa shi ya yi ta zagaye har ya fara neman hutu, sannan su ba shi tsayuwar a matsayin hutun.

Sai wajen hawa, inda aka fi ɓata dawaki. Mahayi ya sa ƙafa a likkafa, kafin ya zauna doki ya ɗauki hanya, shi kuma ya ƙyale shi. Kwana kaɗan ya zama ɗabi'a. Maganinsa a cire ƙafa a sake, ko sau goma ne. Bayan an zauna kuma a ɗan dakata, jiki a sake, kaimi nesa da ciki.

Akwai alamun da ake gane natsuwa da su: kai ya sauka, kunnuwa su daina zarya, ya yi ajiyar zuciya, ya lashi leɓe, ko ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya huta. Wanda ya sandare da kai sama, hanci a buɗe, farin ido a waje, tsoro ne ya kama shi, kuma yana iya zabura ba shiri.

Wannan horo yana da daraja a ko'ina. A gasar nuna ladabin doki ta ƙasa da ƙasa, ana buƙatar ya tsaya cak aƙalla daƙiƙa uku. A Landan, dawakin masu gadin sarauta na Whitehall sukan yi awa guda a tsaye, masu yawon buɗe ido na kewaye da su. A Abuja ma, dokin folo a filin Guards Polo Club sai ya jeru da abokan wasa kafin alƙali ya jefa ƙwallo, haka wanda ake ɗora wa yara a wuraren shaƙatawa ranar Sallah, tsayuwarsa ce ke kare ɗan wani daga faɗuwa.

Kafin a ce doki ya cika taurin kai, ya kamata a laluba jikinsa. Sirdin da ya ci baya, haƙoran da suka yi tsini suna yankar kunci, ciwon kofato da cizon ƙuda a damina duk suna hana tsayuwa. Haka dokin da ake ɗura wa dawa da gero yana wuni a turke ba kilisa. Irin wannan a rage masa hatsi, a ƙara harawa, a riƙa fita da shi safe da yamma, sannan a koma kan darasin daƙiƙa uku.